Abdu Mumuni, malamin da ya sa rana aiki

An haifi Abdu Mumuni a Tasawa, ran 26 ga watan Yuni 1929. Ya shiga lakkwal a Damagaram, ya ci gaba a Yamai, sannan ya tafi makarantar William Ponty ta ƙasar Sanagal. Daga nan ya wuce Faransa, ya yi zurfi cikin ilimin kimiyya. Da ya gama, ya koyar a Dakar da Konakiri da Yamai.

Nijar ƙasa ce mai yawan rana. Amma a wancan lokacin itacen girki sai raguwa yake yi, man fetur kuma daga nesa ake kawo shi, ga tsada. Saboda haka Abdu Mumuni ya duƙufa wajen neman dabarar da rana za ta yi wa mutane aiki.

A 1964 ya kafa ɗakin binciken ƙarfin rana a Bamako, ƙasar Mali. A 1969 ya komo gida, ya shugabanci ONERSOL, ma'aikatar Nijar mai wannan aiki, har 1985.

Shi da ma'aikatansa sun ƙera na'urar zafafa ruwa. Akwati ne da aka shafe cikinsa da baƙin fenti, aka rufe da gilashi. Ruwa yana bi ta bututu, ya yi zafi, ya hau tanki. An naɗe tankin da abin da ke tsare zafi, don kada ruwan ya huce da dare. Sun ƙera kuma murhu mai madubi, mai siffar ƙwarya, wanda ke tara hasken rana a gindin tukunya. Abinci ya dahu, ba a sare itace ba.

Bai tsaya ga rana kaɗai ba. A littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka, ya nemi a koyar da yara cikin harshen da suka tashi da shi. A 1979 ya zama shugaban Jami'ar Yamai.

Allah ya yi masa rasuwa a Yamai, ran 7 ga watan Afrilu 1991. A 1992 aka sa wa jami'ar sunansa.

Hanyar da ya share ba ta toshe ba. A 2018 an buɗe tashar lantarki a Malbaza, jihar Tawa, mai ƙarfin megawat 7. Faya-fayanta suna mai da hasken rana wutar lantarki.

Tambayoyi

1. A wane gari aka haifi Abdu Mumuni?
2. Me ke hana ruwan tanki hucewa da dare?
3. Yaya murhun rana ke taimakon daji?