Alhaji Abubakar Imam (1911–1981) da Kalmomin Aro na Zamaninsa

An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911, ya yi karatu a Kwalejin Katsina. Bayan ya wallafa Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, a 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da Kamfanin Gaskiya na Tudun Jukun ya riƙa bugawa daga baya. A zamaninsa ne kalmomin Ingilishi irin su razdan da en'e da fam da sule suka zauna daram cikin rubutun boko, bisa lafazin Bahaushe. Zuwan naira a 1973 da gyaran ƙananan hukumomi na 1976 suka ƙarasa janye su daga harkokin yau da kullum, har matashin manazarci kan buƙaci ƙamus kafin ya fahimce su. Imam ya rasu a Zariya a 1981.