Victoire Rasoamanarivo, matar da ta riƙe majami'a

'Yan uwa, ga labarin wata ɗiyar manyan gida ta Madagaskar. An haifi Victoire a Antananarivo a 1848. Ta yi karatu wurin mata masu zaman zuhudu, aka yi mata baftisma a 1863. So ta yi ta zama ɗaya cikinsu, amma dangi suka aurar da ita ga Radriaka, ɗan firaminista, mashayi, mai neman mata. Har surukinta ya ce ta rabu da shi. Ta ƙiya, don auren Katolika ba shi da saki. Wannan haƙuri, ba kowace mace za a roƙa shi ba.

A 1883 yaƙi ya tashi da Faransa, aka kori limaman Katolika duka daga ƙasar. An sa masu gadi ƙofar majami'a. Ta zo ta shiga, jama'a suka bi ta. Ita da samarin ƙungiyar Katolika suka riƙe addu'ar Lahadi da koyarwa, tana zagaya unguwanni, tana kai kukansu fada. Da limaman suka komo a 1886, sun iske jama'arsu ba ta watse ba.

Mijin ya rasu a 1888, bayan ta yi mishi baftisma da hannunta. Ita kuwa ta rasu a 1894.