Malam Aminu Kano: jagoran talakawa da bai ɗauki makami ba

Jama'ar Bosso da Diffa da duk garuruwan bakin Komadugu, da ƴan uwanmu da ke ƙetare, yau mun waiwayi rayuwar Malam Aminu Kano, wanda ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983.

An haife shi a birnin Kano a 1920, a gidan malamai. Ya yi karatun allo, ya shiga boko har kwalejin Kaduna, sannan ya koyar a Bauchi. A 1946 ya tafi Landan ƙarin karatu, daidai lokacin da Indiya ke gab da karɓar ƴancinta daga Ingila. Hanyar Mahatma Gandhi ta shige shi ƙwarai: a ƙi bin dokar zalunci a fili, a jure duka da kurkuku, amma kar a zubar da jini. Malam ya haɗa wannan da abin da ya karanta wajen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kan adalcin shugaba.

A zamanin nan talaka na biyan haraji da jangali, ana sa shi aikin tilas, ba shi da bakin magana gaban hakimi. A 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, Malam ya bar aikin koyarwa, daga baya ya zama shugabanta. Makamansa su ne lacca a kasuwa, rubutu, waƙa da ƙuri'a. Ya riƙa koya wa mutane su tambayi ina kuɗin harajinsu ke zuwa, su ƙi noman gandun sarauta kyauta. Kiran ya iso har Barno maƙwabciyarmu, inda matasan jam'iyyar BYM suka yi ƙawance da NEPU.

An sha wuya fa. An yi wa magoya bayansa bulala, an ɗaure su, Hajiya Gambo Sawaba ma ta shiga kurkuku sau da yawa. Wasu matasan sun rama duka a titi, amma shi Malam bai taɓa tara mayaƙa ba. Nan gida Nijar, jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, bayan an haramta ta, ta ɗauki bindiga a 1964, aka murƙushe ta, mutane da dama suka mutu.

Haƙurin Malam ya ɗau lokaci, amma ya biya. Matan arewacin Najeriya, da ya daɗe yana nema wa haƙƙi, sun jefa ƙuri'a a zaɓen 1979. Shi bai ci shugabancin ƙasa ba, amma jam'iyyarsa PRP ta ci Kano da Kaduna, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Ya rasu a gidansa na Gwammaja bai tara dukiya ba.

Mu da muka ga harin Bosso na 2015 da na 2016 mun san abin da bindiga ke bari: gonakin tattasai ba mai ban ruwa, masunta ba tafki, iyalai a sansani. Koke-kokenmu kan gona da kiwo da haraji suna nan. Mu kai su gaban magajin gari da mai gari da alƙali, mu taru mu yi magana da baki ɗaya, ran zaɓe kuma mu fito.

Allah ya jiƙan Malam, ya zaunar da yankinmu lafiya.