Likita Mila da Makarantar Gimi

'Yan'uwa da yawa a ƙasar Ikara, Maƙarfi da Kudan sun san sunan Likita Mila, amma kaɗan ne suka san cewa wani babban yanki na aikinsa a nan ƙasarsu aka yi shi.

An haifi Walter Miller a Ingila a 1872. Ya yi karatun likita a asibitin St. Bartholomew da ke Landan, ya shiga mishan ta C.M.S., sa'an nan ya tafi Tarabulus ya koyi Hausa a bakin alhazai da fatake. A 1900 ya iso Kano tare da Bishop Tugwell, amma Sarki Alu ya sallame su bayan 'yan kwanaki. Sai a 1905 ya sami zama a cikin birnin Zariya, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta. Shekaru suka yi ta wucewa, masu karɓar bishara ba su taka kara sun karya ba.

A 1913 waɗansu baƙi suka zo wurinsa daga cikin jama'ar da ake kira Isawa. Su ne zuriyar almajiran Malam Ibrahim, wanda aka kashe a Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi saboda girman da yake ba Annabi Isa a wa'azinsa. Almajiran suka watsu, waɗansu har ƙasar Ningi, suna jiran wanda zai kawo musu cikakken labarin Almasihu. Mila ya bi sawunsu ƙauye ƙauye. Da aka sami fili a Gimi, cikin ƙasar Maƙarfi, sai iyalansu suka taru suka kafa gari.

Wanda aka danƙa wa garin shi ne Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karibiyan. A nan ya kamata a yaba wa Mila, gama ya san ba shi kaɗai ke da baiwa ba. Thompson fasto ne, malamin makaranta ne, kuma ya san aikin gona. Yara suna koyon karatu da rubutu da Hausa, iyayensu kuma ba a bar su a baya ba. Ya ga rake yana yin kyau a fadamun wurin amma sai dai a sha a tofar, sai ya koya wa mutane matse shi da inji a dafa ruwan ya zama mazarƙwaila. Sana'ar ba ta tsaya a gidajen masu bi ba. Maƙwabta Musulmi da Maguzawa suka ɗauka, har ƙasar Maƙarfi ta yi suna da ita.

Daɗin bai daɗe ba. Ƙudan tsando na bakin rafi ya kawo ciwon barci, mutane suka yi ta mutuwa, manya da yara. Kafin a cika shekara goma garin ya watse. Mila ya kwashi yaran da suka tsira, marayu da yawa a cikinsu, ya sa su a makarantarsa ta Zariya. Daga wannan zuriya ta Isawa ne aka sami Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975.

Mila ba mutum ne mai sauƙin hali ba. Ya yi ta ja-in-ja da Turawan mulki da sarakuna a kan zalunci, wani lokaci har da abokan aikinsa. Da aka mai da mishan Wusasa wajen 1929 bai ji daɗin barin birni ba, ya koma Kano. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗayansa da Hausa, aikin da ya fi kowa shan wahalarsa. Ya rasu a Bukuru, kusa da Jos, a 1952.