Tarihin rayuwar Louis Pasteur

An haifi Louis Pasteur a ranar 27 ga watan Disamban 1822 a garin Dole da ke gabashin Faransa. Mahaifinsa majemi ne.

Pasteur ba likita ba ne, ilimin sinadarai ya karanta. Amma bincikensa a kan ƙwayoyin cuta ne ya kafa tubalin allurar rigakafin da ake yi wa dabbobi a yau.

A shekarar 1868 ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, sai dai hakan bai hana shi aiki ba.

Daga kaji zuwa tumaki

A shekarar 1879 ya gano cewa ƙwayar kwalarar kaji takan yi rauni idan ta daɗe a ajiye, kuma kajin da aka saka wa ita sukan samu kariya.

A watan Mayun 1881, a ƙauyen Pouilly-le-Fort, ya yi wa wasu tumaki rigakafin cutar saifa, wadda kan kashe shanu da dawaki, ya bar wasu. Da aka saka musu cutar, waɗanda ba a yi wa allurar ba ne suka mutu.

Haukan kare

Daga nan shi da abokin aikinsa Emile Roux suka koma kan cutar haukan kare. Sun riƙa busar da lakar zomaye masu cutar, suna jarrabawa a kan karnuka.

A ranar 6 ga watan Yulin 1885 aka kawo masa Joseph Meister, ɗan shekaru tara, wanda mahaukacin kare ya ciza.

Pasteur ya yi kasada, domin da yaron ya mutu, da sunansa ya ɓaci. An yi wa yaron allura 13, kuma ya rayu.

A shekarar 1888 aka buɗe Cibiyar Pasteur a birnin Paris. Wani likitan dabbobi na cibiyar, Gaston Ramon, ya samar da rigakafin cutar sarƙe haƙora a shekarun 1920, wanda har yanzu ake yi wa dawaki da mutane irinsa.

Pasteur ya rasu a ranar 28 ga watan Satumban 1895, kuma tun 2007 ake ware wannan rana domin yaƙi da haukan kare.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar na hallaka kimanin mutane dubu 59 a kowace shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma yi wa kashi 70 cikin 100 na karnuka allura kan katse yaɗuwarta.