William Coley: Likitan da Ya Tayar da Garkuwar Jiki Kan Ciwon Daji

Idan ka taɓa rako majinyaci daga Dutse zuwa Kano karɓar allurar kemo, ka san wahalarta: amai, zubewar gashi, kasala. Maganin yana bin jini ne ko'ina, yana taɓa lafiyayyun ƙwayoyin halitta tare da masu ciwon. Wani likita ya nemi wata hanya tun shekara 130 da suka wuce.

An haifi William Coley a 1862 a Amurka, ya gama karatun likita a Harvard a 1888, ya kama aikin tiyata a New York. A 1890 aka kawo masa budurwa 'yar shekara 17 da ciwon daji a hannu. Ya yanke hannun, amma cikin 'yan watanni ta rasu. Abin ya tsaya masa a rai. Ya shiga tonon tsofaffin fayilolin asibiti, ya ci karo da wani majinyaci da ƙarin wuyansa ya narke bayan wata cutar fata mai zafin zazzaɓi ta kama shi. Coley ya bi unguwa-unguwa har ya samo mutumin da ransa, shekara bakwai bayan sallamarsa.

A 1891 ya fara yi wa marasa lafiya allurar bakteriya masu rai, don ya tsokano garkuwar jiki. Ƙarin wasu ya ragu, amma cutar da ya sa ta kashe mutum biyu. Ka riƙe wannan: zazzaɓi ba maganin daji ba ne. Daga 1893 ya koma amfani da matattun bakteriya.

Likitocin zamaninsa ba su gamsu ba, kuma a ganina suna da hujja: haɗin ba ya fitowa iri ɗaya, sakamakon ma haka. Gashi da radiyeshan ya danne aikinsa. Ya rasu a 1936.

Yau masu bincike suna ɗaukar 'yan mitsi-mitsin jakunkunan da bakteriya ke fitarwa, su rage musu dafi, su cusa magani a ciki, don su kai shi kan ƙarin, su kuma farkar da garkuwar jiki. Wannan yana matakin gwaji tukuna. Duk wanda ya ce zai sayar maka da shi, ka tuntuɓi likitanka. Wanda ya tabbata shi ne BCG, rigakafin tarin fuka da ake yi wa jariranmu: tun 1976 ake zuba shi cikin mafitsara don maganin ciwon dajin mafitsara da bai yi zurfi ba.