Rabilu Musa Ibro (1971–2014): Rayuwarsa da Gudummawarsa ga Wasan Kwaikwayon Hausa

Gabatarwa

Wasan kwaikwayo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan rediyo da talabijin, Hausawa suna da tashe da wasan gauta da 'yankamanci, inda ake isar da saƙo cikin raha. Da talabijin ya zo, sai aka sami irin su Samanja da Karkuzu. Daga nan kuma finafinan bidiyo suka kunno kai a Kano a shekarar 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya. A wannan darasi za a dubi rayuwar ɗan wasan da ya fi kowa shahara a fagen barkwanci a zamanin bidiyo, wato Rabilu Musa, wanda aka fi sani da Ibro ko Ɗan Ibro.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Rabilu Musa a watan Disamba na shekarar 1971 a garin Ɗanlasan, cikin ƙaramar hukumar Warawa ta jihar Kano. A nan ya yi karatun firamare, sannan ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Wudil. Wato dai tarbiyyar malanta ya samu, irin wadda mai karatun wannan littafi yake samu a yau. Sai dai bai bi hanyar aji da allo ba. A shekarar 1991 ya shiga aikin gandiroba, ya yi kimanin shekara takwas yana sanye da kaki, kafin ya ajiye aikin ya rungumi wasan kwaikwayo gaba ɗaya. Wannan mataki kasada ce babba, domin ya bar albashi da fansho ya kama sana'ar da a lokacin mutane da yawa suke ɗauka shashanci ce.

Shahararsa

Fim ɗin 'Yar Mai Ganye yana cikin ayyukan farko da suka fito da shi. Bayan haka sunan Ibro ya zama tamkar hatimin kasuwa, har ya kasance ana liƙa shi a sunan fim domin ya sami shiga. A lokacin da yawancin finafinan Kano suka karkata ga soyayyar 'yan birni da rawa da waƙa irin na Indiya, shi sai ya tsaya a ɓangaren barkwanci, wanda ake kira camama. Gidan ƙasa, rumfar mai shayi, bakin kasuwa da zauren mai unguwa su ne dandalinsa. Saboda haka manomi a Kibiya ko ɗan tireda a Rano, idan ya zauna kallon kaset, maƙwabcinsa yake gani a ciki.

Ibro bai tsaya ga al'amuran ƙauye kaɗai ba. Ya riƙa ɗauko abin da duniya take magana a kai ya mayar da shi abin dariya. A Ibro Awilo ya kwaikwayi mawaƙin nan na ƙasar Kwango, Awilo Longomba. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001 a Amurka, ya fito a Ibro Usama, daga baya kuma aka yi Ibro Saddam.

Harshensa

Ga mai nazarin harshe, babbar gwanintar Ibro tana bakinsa ne. Yana amfani da Hausar karkara ba tare da ya yi mata kwalliya ba, yana wasa da kalma mai ma'ana biyu, yana kuma karya lafazin baƙin kalmomi da gangan don ya fito da halin mai ƙaryar wayewa. Sau da yawa yakan fito a matsayin talaka mai wayon tsiya, wanda yake haƙa rami ya faɗa da kansa. Wannan hali ya yi kama da na Gizo a tatsuniya: kwaɗayi, dabara, sannan jin kunya a ƙarshe. Ta wannan fuska ana iya cewa ɗan kama ne da ya sami kyamara, domin abin da ya ɗora a kaset yana da tushe a adabin baka.

Jarrabawar Shekarar 2008

An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a shekarar 2001. Daga 2007, a zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, hukumar ta tsananta matakanta a kan 'yan fim. A 2008 wata kotun tafi-da-gidanka ta yanke wa Ibro hukuncin ɗaurin wata biyu dangane da fim ɗin Ibro Aloko. Ta haka tsohon gandiroba ya koma gidan yari a matsayin fursuna. Al'umma ta rabu biyu a kan lamarin. Wasu suna ganin kare tarbiyya ne, domin wasu raye-rayen da ke cikin finafinan sun saɓa wa kunya irin ta Bahaushe. Wasu kuma suna ganin danniya ce ga mai fasaha, musamman wanda habaicinsa yake taɓa masu iko. Bayan fitowarsa ya ci gaba da sana'arsa, farin jininsa kuma bai ragu ba.

Rasuwarsa

Allah ya yi wa Rabilu Musa rasuwa a Kano a watan Disamba na 2014, bayan fama da ciwon ƙoda, yana gab da cika shekara 43 a duniya. Allah ya jiƙansa da rahama.

Kammalawa

Rayuwar Ibro ta bar wa malamin Hausa tambaya mai nauyi: ina iyakar raha, kuma wa yake da haƙƙin shata ta? Ba duk abin da ya yi ne za a kai aji ba, kuma ba daidai ba ne a zubar da shi duka. Aikin malami shi ne ya tankaɗe, ya zaɓi fitowar da za ta koyar da karin harshe ko habaici ko halin ɗan Adam, ya kuma nuna wa ɗalibai inda wasa ya wuce gona da iri. Malamin da ya iya sa yara dariya ba tare da ya zubar da girmansa ba, darasinsa yakan daɗe a zukatansu.

Auna Fahimta

1. Kwatanta halin Ibro a finafinansa da halin Gizo a tatsuniya.
2. Kawo hujjojin ɓangarorin biyu game da hukuncin 2008, sannan ka bayyana ra'ayinka.
3. Ta yaya za ka yi amfani da wasan barkwanci wajen koyar da Hausa a ƙaramar sakandare?